Kafin a ɗauki famfon feshi, a kunna fitila a lambu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da masu lambu na birnin Kano, tun daga masu noman kayan miya a gefen Jakara da Kwakwaci har zuwa magidancin da ke da gwanda biyu da zogale a bayan ɗaki. Bazara ta zo ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, kuma 'yan makonnin nan da ke tsakanin yayyafin farko da zaman damina su ne lokacin da ya fi dacewa mai lambu ya san baƙin da ke shigo masa da dare.

Abin da ake gani kowace shekara ba ya sauyawa. Mai lambu ba ya sanin akwai matsala sai ganye ya koma kamar rariya ko tumatir ya huje. Daga nan sai shagon magani, a miƙo masa kwalba, ya cika famfo ya yi ta feshi, wani ma sau biyu a mako. A lokacin tsutsa ta riga ta shige cikin tumatirin ko cikin naman ganyen, inda magani ba ya kai mata. Kuɗi sun tafi, guba ta hau kan alayyahun da gobe za a kai 'Yan Kaba, tsutsa kuma tana nan daram. Alhali tsutsar nan tana da uwa mai fiffike, wadda ta zo kwanaki kafin a ga ɓarna, ta zuba ƙwai a bayan ganye ta wuce. Wanda ya ga uwar ya sami kusan mako guda na shiri, kuma ganinta ba ya bukatar abin da ya wuce fitila da bokiti da tashi da asuba.

Kowa ya san malam-buɗe-littafi mai yawo da rana. Yana da dangi masu yawon dare, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba: masana sun rubuta kusan iri 160,000 a duniya, na rana kuwa ba su kai 20,000 ba. Asun da ke cin tufafi a akwati ɗaya ne daga cikinsu, haka ma ƙananan nan da ke tashi idan an buɗe tsohon buhun masara. A wannan wasiƙa za mu riƙa ce musu iyayen tsutsa. Hanya mafi sauƙi ta raba su da na rana ita ce a dubi 'yan ƙahonni biyu da ke kansu. Na malam-buɗe-littafi suna da ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana. Na uwar tsutsa kuwa sirara ne kamar zare, ko kuma masu haƙora kamar matsefi.

Kano ta riga ta ɗanɗana abin da ƙaramar uwar tsutsa ke iya yi. A 2016 ƙwaron nan da manoma suka sa wa suna Sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta, ya cinye tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam, tumatir ya yi tsadar da mutane ba su manta ba. Asalinsa Kudancin Amurka ne, ya shiga Sifaniya a 2006, daga can ya bazu. A farkon wannan shekara ta 2016 ɗin kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin kwarkwaron ganye a kudu maso yammacin Najeriya, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Dukansu biyu da fiffike suka shigo gonaki, da dare, ba wanda ke dubawa.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ya fara da zanen gado fari. A ɗaura igiya tsakanin bishiya biyu, a shanya zanen a tsaye, a bar kamar kamu ɗaya ya kwanta a ƙasa domin waɗanda ke faɗowa, a rataye fitila a gabansa da tazarar taƙi ɗaya ko biyu. A kunna da magariba, a zauna har ƙarfe goma ko sha ɗaya. Wannan ya isa mutum ya koyi kamanninsu, sai dai ba ya ba da lissafi, tunda abin da ya zo bayan an tafi barci ya wuce ke nan. Lissafi sai da tarkon bokiti.

A sami bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa, a wanke shi sosai har warin ya fita. A yanke tsakiyar murfin a zaunar da babban mazurari, wanda bakinsa ya kai santimita 25 zuwa 30. Wutsiyar mazurarin kasuwa ta yi ƙanƙanta, saboda haka a yanke ta har ramin ya kai santimita 4. Wannan awo yana da muhimmanci. In ramin ya gaza santimita 3 manyan ba za su shiga ba, sai su toshe hanya. In ya wuce 6 kuwa rabin abin da ya shiga zai fita kafin gari ya waye. A cikin bokitin a jera kiret ɗin ƙwai na kwali guda biyar ko shida, a yayyaga su gida biyu, a jingina su a tsaye a jikin bokitin, a bar tsakiya fili. Kiret ɗin nan shi ne rabin aikin. Uwar tsutsa in ta sami lungu mai duhu sai ta lafe ta yi shiru. In ba ta samu ba za ta yi ta bugun bango har garin fiffikenta ya kakkaɓe, da safe a tarar da ita fes kamar leda, babu zanen da za a gane ta da shi.

Fitila tana tsayawa ne a saman mazurarin, a tsakiya daidai. A kewaye ta da faifan roba mai garai-garai guda uku ko huɗu a tsaye, kowanne tsawon santimita 25, kamar fukafukan fanka da aka tsayar. Dalilinsu shi ne ƙwaro ba ya tunkarar fitila kai tsaye. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka, ya nuna cewa ƙwaro yana juya bayansa ne ga wuri mafi haske, domin a halittarsa sama ce mai haske, da ita yake gane sama da ƙasa. In ya zo kusa da fitila sai ya yi ta kewaya ta ya kasa fita. Faifan nan su ke tare shi a cikin kewayen, ya buge su ya zame cikin mazurari. Tarkon da ba shi da su yana tara ƙwari a sama, ciki kuwa kaɗan ne ke shiga. A saman komai a kifa farantin roba mai faɗi domin ruwa, a huda gindin bokitin wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi, a manne tsohon gidan sauro a kan hujin ta ciki.

A wajen zaɓen fitila ne aka fi yin kuskure. Idon uwar tsutsa ya fi ganin shuɗin haske da wani haske da ke gaba da shuɗi, wanda idon mutum ba ya gani. Kwan lantarki mai haske ja ko ruwan ɗorawa kusan ba ya jawo komai. Farin kwan sola mai ɗan shuɗi-shuɗi yana aiki daidai gwargwado. Wanda ya fi duka shi ne mai launin shanshanbale ɗin nan da ake duba jabun kuɗi da shi, ko wanda ke cikin fitilar kashe sauro, bayan an cire ragar da ke ba da shokin. In za a saya a kasuwa a nemi wanda aka rubuta 365 zuwa 395 a jikinsa. Akwai wani mai kama da shi, mai gilashi garai-garai, da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a gidajen ruwan leda da asibitoci. Wannan kada a kuskura a kunna shi a fili, yana ƙona ido da fata cikin mintuna. Ko na duba kuɗin ma kada a ƙura masa ido, kuma a hana yara.

Lissafin wuta kuwa ga shi. Batirin babur mai bolt 12 da amfiya 7 zai riƙe fitila mai wat 5 daga magariba zuwa wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ba tare da an tatse shi ƙarƙaf ba, kuma tatsewar ce ke kashe irin wannan batir da wuri. Mai son haske har asuba ya nemi batirin mota ko na sola. Fawabank mai 10,000 yana ɗaukar fitila mai wat 3 kamar awa takwas, amma wasu suna kashe kansu idan abin da ke jan wuta ya yi ƙanƙanta, don haka a gwada da rana tukuna. Batirin a sa shi a leda a ɗora kan bulo. Jan wayar wutar gida zuwa lambu a lokacin hadari kasada ce da ba ta da dalili.

A ajiye tarkon a gefen lambu, kada a tsakiyar kwamin tumatir, saboda waɗanda suka sauka kusa ba su shiga ba za su iya zuba ƙwai a nan. Masu tsoron cewa fitila za ta kwaso musu ƙwarin unguwa duka su kwantar da hankali, ƙaramar fitila irin wannan ba ta jawo abin da ya wuce mita goma zuwa ashirin. Abin da ke lalata kamu a cikin birni shi ne wani hasken: fitilar kan titi mai sola, kwan ƙofar gida, tagar maƙwabci. A nemi lungun da katanga ko bishiya ta tare su. A gaya wa maƙwabta da mai gadi tun da rana, don kada shuɗin haske a lambu da tsakar dare ya tayar wa kowa da hankali.

Hasken wata ma kishiyar fitila ne. Daga 11 zuwa 17 ga watan Musulunci, lokacin farin wata, kamu yana faɗuwa ƙwarai. Daga 20 ga wata farkon dare yana yin duhu, domin wata yana jinkirta fitowa da kusan minti hamsin kowace rana, kuma daga 25 zuwa 5 ga sabon wata ne ake samun dare mafi kyau. In aka haɗa duhun wata da daren da ake gumi, iska ta tsaya cak, sama ta rufe da gajimare, musamman kwana biyu ko uku bayan an yi ruwa, to ranar bokiti zai yi nauyi. Daren da iska ke kaɗawa ba a samun komai.

Abubuwan da ke ɓata aiki a Kano ba su da yawa amma suna da ƙarfi. Iskar da ke gaban hadari tana kifar da bokiti cikin daƙiƙa, saboda haka a sa rabin bulo a ciki ƙarƙashin kiret, ko a ɗaure shi da turaku uku. Tururuwa da cinnaka in suka gano hanya za su bar fukafukai kawai. A ɗora tarkon a kan kujera, a tsoma kowace ƙafarta a gwangwanin ruwa. Daren da ya biyo bayan ruwan farko mai ƙarfi na gina ne da shinge, za su cika mazurari su jiƙa komai, gara a kashe fitila a bar musu daren. Manyan buzuzu in suka faɗa ciki suna tattake kowa, maganinsu a leƙa wajen ƙarfe goma a tsince su. Kwaɗo yana zuwa cin abin da ya faɗo, maciji kuma yana bin kwaɗo, don haka ba a zuwa wurin tarko sai da takalmi da tocila. Kunama ita ma tana zuwa, amma shuɗiyar fitilar tana tona mata asiri, jikinta yana ƙyalli kore-kore tun daga nesa. Sai wani ɗan siririn ƙwaro mai kama da tururuwa, jikinsa ja da baƙi, da kuma hangara: ruwan jikinsu yana tayar da fata kamar ƙuna. In sun hau jiki a hure su, kada a murje, in kuma an murje a wanke da sabulu nan take.

Da an idar da sallar asuba a je, kafin rana ta fito. A kashe fitila, a toshe mazurari da tsumma, a duba jikin bokiti da ciyawar da ke kewaye, domin sau da yawa mafi kyawun kamu a waje yake kwana. A kai bokitin inuwa. Rabin awa a ranar bazara ya isa ya kashe duk abin da ke ciki, tsuntsaye kuma suna saurin gane inda ake karin kumallo. A ciro kiret ɗaya-ɗaya a hankali. Wadda ake son dubawa a kifa mata ƙaramar roba mai garai-garai, a zura kwali ta ƙasa. Ba a kama su da yatsa. Mai yawan fiffika a sa ta cikin firji ko kula mai ƙanƙara minti goma zuwa sha biyar, za ta lafa har a ɗauki hoto. Hoton a ɗauka a inuwa, da rula a gefe, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, in ya yiwu kuma a ɗan ɗaga fiffiken sama da tsinken tsintsiya a ga na ƙasa, domin shaidar da yawa daga cikinsu a can take ɓoye.

Ganewa tana farawa da girma da yadda take zama, launi yana zuwa daga baya. Wadda ta shimfiɗa fukafukai huɗu a bango kamar an manna ta, siririya, yawanci uwar tsutsar nan ce mai tafiya tana lanƙwasa baya kamar mai awo da taƙi. Mai kaurin jiki da ta rufe bayanta da fiffike kamar jinka, ruwan ƙasa ko ruwan toka, daga cikin danginta ne manyan masu ɓarna suke. Ƙarama mai dogayen ƙafafu da tsinin baki, mai zama kamar kusurwa uku, danginta su ne masu naɗe ganye da huda kara. Mai jiki kamar harsashi da siraran fukafukai masu tsini kuwa za mu dawo kanta.

Ga waɗanda mai lambu a Kano ya kamata ya haddace. Uwar tsutsar da ke huda tumatir da kuɓewa da auduga, Helicoverpa, buɗin fukafukanta santimita 3 da rabi zuwa 4 ne, na sama ruwan ƙasa mai haske da ɗigo baƙi guda, na ƙasa fari-fari da faffaɗan baƙin gefe. Uwar tsutsar masara kusan girmansu ɗaya, amma fiffikenta na ƙasa fari ne tas da siririn baƙin layi a gefe. Namijin yana da farin tabo a ƙarshen fiffiken sama, macen kuwa ruwan toka ce mara ado, kuma tana da 'yan'uwa masu kama da ita. Don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai, sai an je masara an buɗe kwarkwaro. Tsutsar tana da alama kamar harafin Y a kife a goshi da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Ta alayyahu ƙarama ce, ruwan ƙasa mai duhu da fararen layuka a fukafukai duka, kuma ko da rana in aka girgiza alayyahu za a ga tana tashi. Ta kabeji siririya ce ƙwarai, in ta naɗe fiffike za a ga wani farin zane mai kusurwoyi a tsakiyar bayanta. Fara mai jan layi a gefen fiffike, da ke fitowa bayan ruwan farko, ita ce uwar gizaka.

Maruca mai cin furen wake tana zama da fukafukai a buɗe, na sama ruwan ƙasa da wasu tagogi farare da ake ganin haske ta cikinsu, na ƙasa fari da gefe mai duhu. A wannan lokaci da wuya a gan ta, saboda ba ta iya rani a nan. Binciken da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, suka yi da tarkon fitila a Kano ya nuna daga kudu take biyo damina kowace shekara. Amfanin fara kunna fitila tun yanzu ke nan: ranar da ta farko ta bayyana a bokiti, mai wake ya san ta iso. Saboda ita ne aka fitar da irin waken SAMPEA 20-T, mai jure mata, daga cibiyar bincike ta Samaru. Akwai kuma masu huda karan dawa da gero, waɗanda ba daga nesa suke zuwa ba. Tsutsarsu tana kwana rani a cikin busasshen kara, ta fito da fiffike in ruwa ya sauka, wato dangar karan da ke kewaye da lambun ita ce ɗakinsu.

Muna so mu dakata a kan waɗanda ba abokan gaba ba ne, domin su ne mafi yawa a kowane bokiti, kuma su ake fara murjewa saboda girmansu. Masu jikin harsashin nan suna tsayawa a iska a gaban fure suna zura dogon baki, wani bakin ma ya fi jikin tsawo. Gwanda tana da namiji da mace, kuma su ne manyan masu kai garin fure daga wannan zuwa wancan da dare. Furen duma fari ne kuma da yamma yake buɗewa saboda baƙin dare irinsu. Ɗaya daga cikinsu, mai ratsin ja da baƙi a ciki, tsutsarta tana cin ganyen dankali, gaskiya ne, amma babba ce kamar yatsa, da hannu ake tsince ta, ƙahon da ke wutsiyarta kuma ba ya harbi. Wata tana da zane kamar ƙoƙon kan mutum a bayanta, in an taɓa ta har ƙara take yi, mutane suna tsoronta alhali ba ta cizo, iyakarta shiga amya shan zuma. Rigar tsamiya ma da manya ke alfahari da ita, zarenta daga gidan da wata tsutsa ke saƙawa a bishiya yake fitowa, uwar wannan tsutsa kuma tana cikin dangin da muke magana a kai. Jemage da tsuntsayen da ke ciyar da 'ya'yansu a farkon damina da su suke rayuwa. Saboda haka ba ma goyon bayan masu zuba kananzir ko ruwan sabulu a ƙarƙashin fitila su bar ta kullum. Irin wannan tarko yana kashe na kirki da yawa, kuma ba ya rage mai ɓarna yadda ake zato. A ƙirga, a ware masu ɓarnar da aka tabbatar, sauran a ajiye su a inuwa a sake su da magariba cikin ganye mai duhu, nesa da inda tarkon yake. Kada a kunna dare biyu a jere a wuri ɗaya, don a bar su su ci abinci su yi aure.

Iri biyu ne fitila ba ta wadatar a kansu. Na farko masu huda mangwaro da gwaiba da lemo. Bakinsu yana da tsini mai ƙarfi, suna barin huji kamar na allura, wurin ya ruɓe, ɗan itacen ya faɗo. Ba su cika zuwa haske ba, ƙamshin abin da ya nuna suke bi. A dama ayaba huɗu da suka yi luguf da rabin kilo na mazarƙwaila da rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali na yis, a rufe sako-sako kwana biyu ko uku har ya yi tsami, a shafa a jikin bishiya daidai ƙirji, faɗin tafin hannu, kafin magariba. Bayan isha a zo da tocila a haska daga gefe, za a ga idanunsu suna ƙyalli ja. Tsutsarsu ba a bishiyar take girma ba, a ciyayin daji ne, shi ya sa feshin mangwaro ba ya maganinsu. Sai dai kamu da raga, ko a sa wa 'ya'yan jakar takarda.

Na biyu shi ne Sharon. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa, ruwan toka da ɗige-ɗige, kuma masu kama da shi suna da yawa. Shi tarkon ƙamshi ake yi masa: wata 'yar roba ce da aka jiƙa da ƙamshin mace, maza kawai take jawowa, kuma kowane iri da nasa. A sami kwano mai faɗin santimita 30 zuwa 40, a zuba ruwa da ɗan garin sabulu kaɗan, a rataye robar da waya a saman ruwan ba tare da ta taɓa shi ba, a ɗora a kan bulo. Biyu zuwa huɗu sun isa hekta guda in don sa ido ne. Ma'aunin da aka saba shi ne in tarko ɗaya ya kama ƙasa da 3 a mako babu damuwa sosai, 3 zuwa 30 a fara duba ganye ana cire masu farin tabo, sama da 30 kuwa a ɗauki mataki. Kurakuran da ake yi su ne taɓa robar da hannu, barin ruwa ya ƙafe, da barin roba ɗaya har wata biyu. A zafin Kano a canja ta duk mako huɗu, waɗanda ba a buɗe ba kuma a ajiye su a firji. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260, kuma a irin wannan zafi daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai kai wata guda ba.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai da littafi. A rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, ko an yi ruwa, ko akwai iska, lokacin kunnawa da kashewa, da adadin kowane iri. Fitila ɗaya, wuri ɗaya, dare ɗaya ko biyu a mako. In an canja fitila lissafin baya ya rushe. Abin da ake nema shi ne tsalle: irin da ake samun biyu ko uku, yau ga ashirin. Wannan ba umarnin feshi ba ne, umarnin shiga lambu ne. Ƙwan tsutsar masara yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku, na Sharon huɗu zuwa biyar. A duba shuka goma a wurare biyar daban-daban, a juya ganye, a murje ƙwan da aka gani. A masara ƙarama, in goma cikin hamsin ɗin suna da sabon ci, lokacin magani ya yi, kuma da yamma, a cikin kwarkwaro. Tsutsa tana ƙarama ko 'ya'yan darbejiya suna yi mata: rabin kilo na dakakken ƙwallo a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace. Uwar tsutsar da ba a gane ba a ɗora hotonta a manhajar gane halittu ta iNaturalist, ko a busar da ita a ambulan na takarda a kai wa malamin gona. A leda ruɓewa take yi.

Roƙonmu ga hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, KNARDA, da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta shi ne su kafa irin wannan tarko a wasu lambuna da makarantun sakandare na cikin birni da wajensa, a riƙa tattara lissafin duk mako ana karanta shi a filin noma na gidajen rediyo, yadda ake karanta farashin hatsi. Ɗaliban da za su yi ƙirgar kuma su riƙa nuna wa tsofaffin masu lambu hotunan suna tambayar sunan kowane ƙwaro da Hausa, suna rubutawa a gefen na masana.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman gona da masu nazarin ƙwari,
Kano.